Fatar Hawan Ƙanƙara a New Bell

A shekarun nan da mutanen Douala ke kira lakiris, lokacin da aka zaftare albashi, kamfanoni suka yi ta kakkaɓe ma'aikata kamar ana kakkaɓe tabarma, an yi wani mutum a New Bell mai suna Jalaluddeen. Haifaffen unguwar ne. Kakansa ne ya gangaro daga Arewa da fataucin goro, ya ga ruwa ya ga kasuwa, ya ajiye sandarsa. Shi Jalaluddeen dako yake yi a tashar jiragen ruwa kafin a sallame su. A can ne wata rana barci ya kwashe shi a bayan buhunan koko cikin wani jirgin Faransa. Jirgi ya ɗaga ba wanda ya lura, sai da aka kai bakin teku aka ji minshari. Aka sauke shi a kwalekwalen masunta, ya dawo gida yana ƙarnin kifi. Wannan tafiya ita yake kira "zamanmu a Turai".

Kullum da yamma, a bencin ƙofar shagon Mahmudu tela, ba shi da wani zance sai ita.

"Mu da muka zauna a Turai..."

"Turan da kuka tafi da hantsi kuka dawo kafin la'asar?" in ji Mahmudu, ko kai bai ɗaga daga keken ɗinki ba.

"Kai me ka sani ban da zare da allura? Jirgin Faransa ai ƙasar Faransa ce. Je ka tambayi lauya."

Matarsa Larai ita ke riƙe da gida tun da aiki ya tsaya. Shinkafa da wake take dafawa ta sayar a bakin titi. Da ɓawon ayaba da dusa da ƙanzon tukunya ta yi kiwon wani farin rago mai baƙin wuya, tun yana ɗan mitsitsi har ya zama abin nunawa. A shekarar da ko masu hali ke sunkuyar da kai in an yi zancen layya, Larai na da ragonta ɗaure a tsakar gida. Ba ta alfahari da baki. Sai dai in ta fito da shi shan iska, tafiyarta takan ƙara nauyi.

Saura 'yan makonni Babbar Sallah, damina ta kankama, Larai ta tafi suna unguwar Deïdo. Jalaluddeen ya zauna ya ƙura wa rago ido, rago ma ya ƙura masa.

"Rago ɗaya tal," ya ce, "a gidan mutumin da ya ga duniya? Ai abin kunya ne. Sa ya kamata."

Ya kwance igiya ya ja shi har kasuwar Mboppi, wurin Sabo, wani ɗan kasuwa da bai daɗe da zuwa daga Kano ba, mai sayar da dilolin gwanjo. A lokacin kowa ya koma gwanjo, tsohon akawu gwanjo, malamin makaranta gwanjo. Ka sayi dila a ɗaure, ka buɗe ka ga rabonka. Sabo na da wata dila da ta daɗe a lungun shago, duk wanda ya taɓa ya ji taushinta sai ya yi gaba. Da Sabo ya dubi rago, ya dubi mai ragon, sai bakinsa ya cika da zuma.

"Ranka ya daɗe, wannan dila ba ta kowa ba ce. Daga ƙasar masu kuɗi ta fito, can saman Faransa. Ni dama wanda ya san Turai nake jira."

"Ka daina jira," in ji Jalaluddeen, ya miƙa masa igiya.

Sabo har da gyara ya ƙara masa: wasu dogayen katakai biyu masu lanƙwasasshen baki, da sanduna biyu na ƙarfe, waɗanda suka zo a kwantena ɗaya da dilar, aka rasa me ake yi da su.

Larai ta dawo ta tarar da rabin unguwa a ƙofar gidanta, mai puspus, wato kurar turawa, na sauke dila, mijinta na tsaye da wuƙa kamar mai shirin yanka. Ta ratsa ta shiga ciki. Ba ta daɗe ba ta fito.

"Baban Sumayya, ina ragona?"

"Ragonki ya shiga kasuwanci, uwargida. Da Sallah zai dawo yana sa."

"Zai dawo yana me?"

"Sa. Mai tozo. Ki matsa kada igiya ta buge ki."

Ya yanke igiya, dila ta yi numfashi ta buɗe. Aka fara zarowa. Riga ta farko kaurinta kamar katifa. Ta biyu ta fi ta. Hulunan ulu masu rufe kunne, safar hannu kamar ta mai dambe, wanduna masu auduga a ciki. Wannan fa a Douala ne, inda mutum ke fitowa daga wanka yana gumi. Idi mahauci ya gwada riga ɗaya don neman magana, kafin ya gama zuge ta, zufa na ɗiga daga gemunsa.

"Cire ni! Cire ni, na fara nuna!"

Mutane suka fashe da dariya. Larai ba ta yi ba. Ta jingina da bango ta harɗe hannuwa.

Can a tsakiyar dilar aka tarar da wasu jakunkuna da yawa. A cikin kowace akwai wani abu a nannaɗe, dogo kamar ɗamara, faɗinsa kamar tafin hannu. Gefe ɗaya gashi ne gajere mai sheƙi, ɗaya gefen kuwa gam ne mai kama yatsa. A jikin jakar akwai hoton wani Bature yana hawan farin dutse, da katakai irin na gyarar Sabo a ƙafafunsa.

Mahmudu, da yake ya fi kowa karatun Faransanci a benci, ya karɓa ya karanta. "*Peaux de phoque.* Fatar wata dabbar teku ce, mai kama da kare."

Idi ya yar da wadda ke hannunsa. "A'uzubillahi! Kare?"

"Tsaya. A ƙasa kuma sun ce da nailan aka yi ta."

"Nylon?" in ji Asibi, mai tuyar makala, wato fanke, a gindin gangare. "Ashe ma a unguwar Nylon ta bayan gari aka yi ta. Ƙanwata can take aure, da ka faɗa da ta kawo maka kyauta."

Shi kuwa Jalaluddeen yana ta shafa gashin. In ya shafa ta nan, sumul. In ya dawo da hannu, sai gashin ya miƙe ya cije. Ya dubi hoton, ya dubi katakai, ya sake shafawa. Sai idonsa ya kawo haske.

"Allahu Akbar! Ashe ita ce! Tsohuwar abokiyata!" Ya ɗaga ta sama. "Jama'a, da wannan muke hawa dutsen ƙanƙara a Turai. A manna ta a ƙarƙashin katako, ka tura ƙafa gaba ta sulale, in za ka zame baya ta riƙe ka kamar ɗan sanda ya riƙe wando. Ko dutsen ya kai sama ta bakwai, sai ka hau kana cin gyaɗa."

"To madalla," in ji Mahmudu. "Saura ƙanƙarar. A shagon wa za mu saya?"

"Kai dai tela ne har abada. Laka fa? Laka ai ƙanwar ƙanƙara ce, uwa ɗaya uba ɗaya, rana ce kawai ta ƙona ta."

Nan kowa ya gane inda ya dosa. A unguwar akwai wani gangare da ya tashi daga babban lambatu ya haura zuwa titin kasuwa. Ba wani dogon tudu ba ne, amma in aka yi ruwa, jar lakarsa ta fi kuɓewa santsi. Ana ce masa Gangaren Asiya, don duk wanda ya bi shi da damina sai an ce masa "asiya", wato sannu. Ya kayar da mai ciki, ya kayar da liman, ya taɓa kayar da ɗan sanda da kekensa.

"Daga bana," in ji Jalaluddeen, "ba mai sake faɗuwa a unguwar nan. Sai dai wanda bai saya ba."

Larai ta ce, "Ni dai ragona." Ta shige.

Washegari ya ce fatun sun sha zaman jaka, sai sun sha iska. Ya shanya su reras a igiyar shanyar Larai, gam na fuskantar rana. Zafin Douala ya dafa gam ya yi laushi. Kafin azahar sun kama ƙudan unguwa kaf. Suka kama ƙadangare biyu. Kazar maƙwabta ta yi tsalle za ta ci ƙuda, ta rataye da fiffike tana kururuwa. Larai ta fito ceton kaza, mayafinta ya tafi. Jalaluddeen ya taho da gudu yana cewa kowa ya tsaya, abin na masana ne, iska ta kaɗo fata ɗaya ta shafe shi a fuska daga kunne zuwa haɓa.

Sai da aka kira wanzami. Da yamma ya fito benci da gemu a gefe ɗaya kawai.

"Yayin Turai ne?" in ji Mahmudu.

"Gwaji ne. Yanzu na tabbatar gam ɗin na asali ne. Na jabu ba ya cire gemu."

Daga nan ya ari almakashin Mahmudu ya yanyanka wasu fatun daidai tafin ƙafa, ya zauna a gindin gangare kusa da kaskon Asibi yana manna wa mutane a ƙarƙashin silifas. Ya ce a gwada tukuna, in an ji daɗi a yi magana. Abin kyauta ba ya rasa masoya. Idi mahauci ne ya fara, da tiren nama a kansa. Ya taka gangare, ya tura ƙafa gaba ta ƙi, ya ɗan saki jiki sai ga shi yana komawa baya sumul, har ya dawo inda ya tashi.

"Malam Jalal, wannan abin gida yake mayar da ni!"

Jalaluddeen ya duba, ya ga ya manna ta a juye, gashin na kallon baya. Bai nuna ba.

"Taka irin ta masu komawa ce. Juya ka hau da baya."

Haka Idi ya hau Gangaren Asiya da baya, tire a ka, yana fuskantar masu yi masa dariya, yana rama musu da zagi ɗaya bayan ɗaya. Amma ya kai sama bai faɗi ba, wannan kuwa ya ja mutane. Kafin magariba mutum wajen talatin na yawo da fata a ƙafa.

Kashegari Juma'a ce. Aka tuɓe takalma a ƙofar masallaci, aka tara su kan juna kamar kullum. Rana ta buga, gam ya tsattsafo ta gefe. Da aka sallame aka fito, babu takalmin kowa. Abin da ke wurin wani ƙaton curi ne guda, kamar nonon ayaba, silifas da ƙafa-ciki da takalman fata duk sun rungumi juna. Wani ya ja nasa, curin gaba ɗaya ya biyo shi. Wani ya ja ta can. Aka yi ta ja-in-ja, maɗauri na tsinkewa. A tsakiyar curin, can ciki inda hannu ba ya kaiwa, ana hango takalmin Sallah na Baba Yaya mai'unguwa, wanda ko fatar bai karɓa ba.

Baba Yaya ya taka gida ba takalmi, cikin taɓo, da babbar riga.

Da la'asar aka ɗauko curin a puspus aka ajiye a ƙofar gidansa, aka kira Jalaluddeen. Larai ta biyo shi ba a kira ta ba, ta durƙusa ta zayyana labarin rago tun daga ɓawon ayaba na farko. Baba Yaya ya sa aka je Mboppi aka taho da Sabo.

"Jalaluddeen," in ji Baba Yaya, "na san ubanka, mutum ne mai hankali. Wa ka gado?"

"Allah ya ja zamaninka, Baba, kuskure ɗaya aka yi. Fatar nan ba a yanka ta. Ɗungurungum ake manna ta a katakonta. Jahilcin mutane ne ya sa na sauko daidai fahimtarsu."

"Da almakashina ka sauko," in ji Mahmudu.

"Kuma ina tausayin bawan Allahn nan," Jalaluddeen ya ci gaba, yana nuna Sabo. "Bai san abin da ya sayar ba. Douala gari ne na ruwa. Nylon laka, Deïdo laka, ko'ina laka. Ranar da aka ga na hau gangaren nan da katakai, fata ɗaya sai ta sayi rago. Ni kuwa ina da su cike da ɗaki. Na cuce shi, Allah ya yafe mini."

Sabo ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Baƙo ne a garin, bai gama sanin abin da mutanen Douala ke saye da wanda ba sa saye ba. Ya ga dai ana sayen abubuwan da suka fi wannan ban mamaki. Ya kuma ji labarin Idi ya hau da baya bai faɗi ba. Zuciyar ɗan kasuwa ta fara yi masa susa.

"To Baba, a yi haka," ya ce. "In ya hau gangaren nan bayan ruwa, da katakan nan a ƙafa, tun daga lambatu har titi, ni zan karɓi fatun gaba ɗaya, in mayar da rago. In ya kasa, kada a sake kiran sunana."

"Kowa ya ji?" in ji Baba Yaya.

Aka ce an ji.

A hanyar gida Larai ta ce, "Baban Sumayya, ka taɓa hawa abin nan kuwa?"

"Uwargida, tambayar kifi kike ko ya iya iyo?"

"Na ga kifi a kasko da yawa."

Ranar Lahadi aka kwana ana ruwa, gari ya waye Gangaren Asiya na sheƙi kamar an shafa masa man ja. Labari ya riga ya zaga. Mutane suka cika gefe da gefe, masu bensikin, 'yan acaɓar garin, suka kashe babura suka tsaya, mata suka hau kan dakali. Asibi ta ƙara kwaɓi don ta san za a yi ciniki. Sabo ya zo da rago ya ɗaure a turken rumfarta, Larai ta tsaya nesa kaɗan, ita da ragon suna kallon juna. Aka kawo wa Baba Yaya kujera, da aron takalmi a ƙafarsa.

Sai ga Jalaluddeen. Ya saka rigar katifa ja, da hular ulu mai tuntu, da safar hannu, don a cewarsa ba a hawa sai da kayan aiki. Tun kafin ya iso zufa ta jiƙa shi har gwiwa. Ya manna fatu a ƙarƙashin katakai, wannan karon ya shafa ya sake shafawa ya tabbatar gashin na kallon inda ya kamata. Takalmin da ake ɗaura wa katakan bai zo a dila ba, saboda haka ya sa takalmin ruwa, ya sa Idi ya ɗaure masa da robar taya, ɗaurin da mahauci ke yi wa sa.

"Kada ya kwance fa."

"Ko ranar kiyama sai an sa wuƙa," in ji Idi.

Ya karɓi sanduna. Ya yi bismilla. Ya tura ƙafar dama, katako ya sulale gaba. Ya ɗora nauyi, kowa ya riƙe numfashi. Katako ya tsaya cak. Ya tura ta hagu, ita ma ta cije.

Shi kansa Jalaluddeen sai da ya leƙa ƙafafunsa don mamaki.

Ya sake turawa. Ya sake. Yana tafe kamar agwagwa mai ciwon baya, tuntun hula na rawa, amma yana hawa. Ya wuce inda liman ya faɗi. Ya wuce inda ɗan sanda ya faɗi. Masu bensikin suka fara danna oda. Mata suka rangaɗa guɗa. Wani ya yi ihu, "*Allez*, ɗan Turai!" Mahmudu ya buɗe baki ya manta bai rufe ba. Sabo kuwa har ya fara tunanin shagon da zai buɗe a Nylon.

Jalaluddeen ya ɗora bakin katakai a gefen titi. Ya kai.

Da a nan ya zauna ya sa aka yanke roba, da yau wani labarin ake bayarwa. Amma mutum ya hau tudu a gaban unguwa guda, ga guɗa, ga oda, a ce ya sauka bai yi jawabi ba? Kuma ba a yi wa jama'a jawabi da ƙeya. Ya fara juyawa, taku kaɗan kaɗan, yana ɗaga katako yana saukewa, har ya fuskanci mutane sosai, bakin katakai na kallon gangare. Ya ɗaga sanduna biyu sama.

"Jama'ar New Bell! Yau kun ga bambancin wanda ya fita da wanda..."

Fatar ba ta yi laifi ba. Aikinta ke nan tun farko: baya ta riƙe, gaba ta sulale.

Da fari a hankali ya taho, har wasu suka ɗauka cikin wasan ne, suka ƙara tafi. Sai gudu ya ƙaru. Sanda ɗaya ta tashi sama, ɗayar ta bi ta. Hula ta zamo ta rufe masa ido.

"Ku riƙe ni! *Arrêtez-moi!* Idi, yanke! Yanke!"

"Da me zan kamo ka?" in ji Idi, yana tsalle gefe.

Jama'a suka dare biyu. Ya ratsa ta ƙarƙashin shanyar wani gida ya fito da zanin gado a wuya yana kaɗawa kamar tuta. Ya shafi kujerar Baba Yaya, ta juya da shi sau ɗaya ta ajiye shi yana kallon bango. Asibi ta ga abin da ke tahowa, ta sure kaskon mai ta yi gefe, Allah ya taimaka. Amma robar kwaɓi na nan a hanya. Katako ɗaya ya bi ta dama da ita, ɗaya ta hagu, Jalaluddeen ya ɗauke ta a cinya ya wuce da ita. Ya daki turken rumfa, rumfa ta durƙusa, igiyar rago ta zame. Daga nan babu sauran abin da ya rage tsakaninsa da babban lambatu, wanda ruwan jiya ya cika da duk abin da New Bell ta zubar a mako.

Ƙarar da aka ji, masu shago a titi sun ce sun ɗauka bango ne ya faɗi.

Rago kuwa bai tsaya tambaya ba. Ya ratsa ƙafafun mutane ya je ya cusa kai a zanin Larai. Ta kama igiya ta naɗe a hannu sau uku.

Aka ruga bakin lambatu. Ba a ganin komai sai katakai biyu a tsaye suna kallon sama, da wani jan tudu yana kumbura, don rigar katifa ta fara shan ruwa. Can sai kai ya ɓullo, rabi kwaɓi rabi baƙin taɓo, da ɓawon mangwaro a kan tuntu. Ya tofar, ya yi tari, ya motsa hannu ya motsa wuya. Da aka ga lafiyarsa ƙalau, sai wata murya daga baya ta ce, "Asiya!" Unguwa gaba ɗaya ta amsa, "Asiyaaa!" Dariya ta ɓarke har wasu na zama a laka.

"*C'est fini!*" Sabo na ihu, Faransancin da ya koya ke nan a Mboppi. "Magana ta ƙare, kowa ya gani, ya faɗi! Hajiya, ba ni ragona!"

"Zo ka karɓa," in ji Larai, ba ta ɗaga murya ba. Sabo ya dubi fuskarta, ya fasa matsowa.

Sai aka ji magana daga cikin lambatu.

"Baba! Allah ya ja zamaninka! A tambaye shi, hawa muka yi alkawari ko sauka?"

Baba Yaya, da aka juyo da kujerarsa, ya shafa gemu.

"Sabo, me ka ce ranar Juma'a?"

"Na ce in ya hau, amma ai Baba..."

"Ya hau?"

"Ya hau!" in ji jama'a baki ɗaya. Har Mahmudu, da ƙyar, kamar ana cire masa haƙori.

"To magana ta ƙare. Rago na Larai ne. Fatu naka ne, ka aiko a kwashe yau, kada su kwana a unguwata. Rigunan kuma ka haɗa da su, ko Allah zai kawo mai jin sanyi. Kai kuma na cikin ruwa, rumfar Asibi da hannunka za ka tayar, kuma kai ne mai ɗebo mata ruwan kwaɓi har Sallah. Takalman masallaci ma suna jiranka, ɗaya bayan ɗaya za ka raba su."

Sabo ya dubi yawan shaidu, ya haƙura. Larai ta ja ragonta ta nufi gida. Da ta zo daidai lambatu ta ɗan tsaya ta leƙa.

"Baban Sumayya, san naka fa? Mai tozon?"

"Baɗi, uwargida."

"Allah ya kai mu. In ka fito, ta bayan gida za ka shigo, akwai ruwa a bokiti."

Fito da shi ma sai da ya zama aiki. Rigar ta sha ruwa ta yi nauyin mutum biyu, sai da majiya ƙarfi huɗu suka ja. Ɗaurin Idi kuma ya ƙi kwantuwa, wuƙarsa na can kasuwa. Dole aka kwantar da Jalaluddeen a puspus, katakai na leƙe ta gaba, ruwan lambatu na ɗiga ta ƙasa, Mahmudu da Idi na turawa, rabin unguwa na biye.

Mahmudu ya sunkuyo kusa da kunnensa. "Malam Jalal, tsakaninka da Allah, a Turai haka kuke saukowa?"

Jalaluddeen ya share kwaɓi daga ido ɗaya, ya dube shi da tausayi irin na masani ga jahili.

"A Turai cire fatar ake yi kafin a sauko, ya fi gudu. Wannan da ka gani, a hankali na taho, saboda akwai mata a hanya."